Wurin fasa dutse da ɗiban yashi a bakin gari: tambayoyi da amsoshi kan lasisi da ruwan rijiya

Duk bulon da aka ɗora a Kano ko Kaduna ko Abuja, akwai ramin da ya bari a wani ƙauye. Yashi, tsakuwa, marmara da dutsen da ake niƙawa don kankare ba daga sama suke faɗowa ba. Galibi mutanen da ke kusa da ramin ba sa jin labari sai ranar da katafila ta iso, kuma ba sa tuna maganar ruwa sai bazara ta yi tsanani guga ya fara taɓo laka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a zaman ƙauye da na ofis. Amsoshin sun shafi dokar Najeriya ne. Wanda maganarsa ta kai ga kotu, ya nemi lauya.

Gonata ce, gadon ubana. Me ya kawo Abuja cikin maganar abin da ke ƙarƙashinta?

Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 44(3), ya damƙa duk ma'adinan da ke cikin ƙasar Najeriya ga Gwamnatin Tarayya. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 da wannan maganar ta buɗe. Saman ƙasa kuwa yana ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta sa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ke nan gonarka tana da iyayen gida biyu: gwamna a sama, Tarayya a ƙasa. Kai kana da haƙƙin noma da zama da diyya, amma takardar mallakar fili ba ta ba ka ikon buɗe wurin sayar da dutse ba.

Har yashi da marmara ma'adinai ne? Na ɗauka zinare da kuza ake nufi.

Har su. Dokar 2007 ta ware babi guda kan kayan da ake fasawa ko a ɗiba don gini, ta lissafa yashi, tsakuwa, dutse, marmara, dutsen siminti da makamantansu. Ba mai kwandon ƙasar yaɓen katangarsa ake nufi ba. Da zarar tifa ta fara shiga tana fita ana ƙirga kuɗi, an shiga hurumin doka.

To wace takarda ya kamata mai wurin ya riƙe?

Ta farko ita ce lasisin fasa dutse daga Ofishin Rajistar Ma'adinai na Tarayya, wanda ma'aikata ke kira Kadasta. Wannan lasisi ba ya wuce faɗin murabba'in kilomita 5, wa'adinsa shekara 5 ne, ana sabuntawa. Akwai kuma lasisin ƙaramar haƙa, mai iyakar murabba'in kilomita 3, da babban lasisin haƙa mai shekara 25 wanda manyan kamfanoni ke nema.

A nan ake yi wa mutane wayo. Akwai lasisin bincike, wanda ke ba mutum damar ya duba ko akwai abin da yake nema a ƙasa, ya ɗebi samfuri. Bai ba shi damar loda tifa ya kai kasuwa ba. Takardun duk suna da tambarin gwamnati, duk suna da kwarjini a idon wanda bai saba ba. Ku karanta kan takardar, ku ga wane iri ne, sunan wa ke jiki, yaushe za ta ƙare, kuma lambobin iyakar filin sun faɗo kan wurin da ake haƙar ko kuwa wani tsauni ne can a wata gunduma. Tun 2022 ofishin Kadasta ya mayar da rajistarsa kan intanet, saboda haka ɗalibi mai waya zai iya taimaka wa gari ya duba taswirar.

Bayan lasisi akwai amincewar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da izinin saye da ajiyar nakiya a ƙarƙashin Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964, da izinin amfani da ruwa idan aikin zai ja ruwa ko ya karkatar da shi, da yarjejeniya da al'ummar wurin. Rashin ɗaya daga ciki giɓi ne.

Ya nuna mana takardar hakimi da rasit na ƙaramar hukuma. Ba su isa ba?

Ba su isa ba. Hakimi da dagaci, Allah ya ja zamaninsu, suna da bakin magana kan zaman lafiyar ƙasarsu, kuma sa hannunsu kan shiga cikin takardun neman lasisi. Amma ba su ke ba da lasisi ba, haka ma ciyaman. Rasit ɗin da ake yanka wa direban tifa a bakin hanya kuɗin shiga ne kawai.

Abin da ya fi muhimmanci ga talaka shi ne sashe na 100 na dokar 2007: kafin a ba da lasisi a kan filin da wani ke riƙe da shi, sai an sanar da shi an sami yardarsa. Wannan takardar yarda ita ce babban makamin manomi, kuma ita ce aka fi karɓewa a arha. Na taɓa zama a wani zaure inda aka miƙa wa dattawa takarda da Turanci, aka ce ta karɓar goro ce, suka dangwala. Bayan wata uku aka gane yardar gari ce gaba ɗaya. Kada a dangwala a ranar da aka kawo takarda. A bar ta ta kwana, a nemi wanda zai fassara ta layi-layi, a ajiye kwafi.

Akwai wuraren da doka ta hana a taɓa?

Akwai. Sashe na 3 na dokar ya cire filin da gari ko ƙauye ke kai, da kasuwa, da maƙabarta, da wuraren tarihi da na ibada. Ya kuma hana kusantar layin dogo, bututun mai, madatsar ruwa, ginin gwamnati ko titin jama'a da ƙasa da mita 50.

Mita 50 ba wani nisa ba ne, tsawon rabin filin ƙwallo ne. Amma ƙa'idojin fasa dutse da tashin nakiya na 2013, waɗanda NESREA, hukumar Tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ke kula da su, sun sa tazarar kilomita 3 tsakanin wurin fasa dutse da gidajen mutane. Wanda ya san Mpape a Abuja ya san yadda wannan tazara take a takarda da yadda take a ƙasa. A wasu wuraren kamfani ne ya matso gari, a wasu kuma gari ne ya bi kamfani saboda aiki da arhar haya, har gidaje suka kewaye ramin.

Mene ne wannan EIA da ake ta ambato?

Nazarin tasirin aiki ga muhalli ne, bisa dokar 1992. Dokar ta lissafa ayyukan da dole a yi musu cikakken nazari kafin a fara. Ciki akwai fasa dutse a cikin kilomita 3 daga unguwa ko kasuwa ko masana'anta, da yasar yashi a filin da ya kai hekta 50. Kamfani ne ke ɗaukar masana su rubuta, Ma'aikatar Muhalli ta duba, sannan a baje rahoton na kwanakin aiki 21 a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, domin kowa ya karanta ya rubuta ƙorafi.

Waɗannan kwanaki 21 su ne lokacin da muryar gari ta fi tsada. Bayansu ihu bayan hari ne. Rahoton kan yi kauri kamar ƙamus, amma ba sai an karance shi ba. A buɗe babin ruwa a nemi amsar abu huɗu. Ramin zai kai zurfin mita nawa? A mita nawa ruwan ƙasa yake a wurin, da rani da damina? Rijiyoyi nawa aka ƙirga a kewaye, kuma an auna su? Ruwan da za a zuƙe daga ramin ina za a zubar? Idan babin ruwan shafi biyu ne na bayanin yanayin Najeriya gaba ɗaya, babu sunan rijiya ko ɗaya ta garinku, wanda ya rubuta bai zo ba, ko ya zo bai sauka daga mota ba. Wannan kaɗai ƙorafi ne mai ƙarfi, a rubuta shi.

Ta yaya ramin da ke can nesa zai ƙafar da rijiyar da ke tsakar gidana?

Duk wanda ya yi kiwo ya san amsar. Da rani idan kogi ya janye, akan tona yashin tsakiyarsa da ƙwarya, a jira kaɗan, ruwa ya tsattsafo. Idan wani ya zo gefenka ya tona nasa ya fi naka zurfi, yana ta kwalfewa ba ƙaƙƙautawa, naka zai ja baya har ya bushe. Bai taɓa raminka ba, amma ya sha ruwanka.

Haka abin yake a ƙarƙashin gari. Ruwan ƙasa ba tafki ba ne a cikin kogo. Yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashi, da cikin ruɓaɓɓen dutse, da tsagogin dutse, kuma yana gangarawa a hankali zuwa inda ya fi ƙasa. Muddin ramin kamfani bai kai matakin ruwan ba, rijiyoyi ba su cika jin komai ba ta fuskar yawa. Ranar da ya wuce matakin, ruwa zai fara tsattsafowa ta bango da ƙasan ramin. Ba a fasa dutse a cikin ruwa, don haka sai a kafa injin ana zuƙewa dare da rana. Daga nan ramin ya zama rijiya mafi girma da zurfi a yankin. Matakin ruwa sai ya lotsa ya yi siffar mazurari, zurfinsa a bakin ramin, yana raguwa yayin da ake nisa. Duk rijiyar da gindinta ya faɗo cikin wannan lotsawa za ta ragu ko ta ƙafe.

Rijiyar hannu mai gaba shida ko takwas ita ke fara kuka, domin saman ruwan kawai take lasa. Burtsatse mai zurfi kan jure, sai dai idan tsagar da ke ba ta ruwa ita ce ramin ya yanke.

Akwai hanya ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Kafin a kai ga dutse sai an kwashe ƙasar sama da ruɓaɓɓen dutsen da ke kansa. Wannan shimfiɗa ita ce soson da ke shan ruwan damina ya riƙe shi yana saki a hankali har rani. An kwashe ta, an kwashe rumbun.

Nisan da abin ke kaiwa fa? Mita nawa?

Ba lamba ɗaya ba ce, ƙasar wurin ce ke yanke hukunci. Kano, Zariya, Kaduna, Abuja da yawancin Bauchi suna kan tsohon dutse mai tauri. A irin wannan ƙasa ruwa tsaga yake bi, shi ya sa za ka ga abin mamaki: rijiyar da ke dab da ramin tana nan lafiya, wata kuma can nesa ta ƙafe, saboda tsaga ɗaya ta haɗa ta da ramin. Sakkwato da Kebbi da Borno kuwa suna kan shimfiɗun yashi da laka masu kauri, inda ruwa ke tafiya ko'ina, lotsawar ta fi yin faɗi kuma ta fi sauƙin hasashe. Dutsen siminti, irin na Kalambaina da Ashaka, yana da nasa hali: ruwa na narkar da shi a hankali ya buɗe hanyoyi a ciki, saboda haka ruwa da datti duka suna gudu da sauri.

Wanda ya ce maka "mita 500 ne iyaka" bai haƙa ramin gwaji ya auna ba, faɗa kawai yake yi.

Nakiya na iya lalata rijiya?

Tana iya zubar da bangon rijiyar da ba a ɗaure da kankare ba, tana iya tayar da laka ruwa ya yi kwana biyu a gurɓace, tana iya tsaga bangon gida. Cewa tana rufe idon rijiya daga nesa ya fi wuyar tabbatarwa, kuma sau da yawa idan aka bincika zuƙar ruwan ramin ce ta yi ɓarnar, nakiya ta ɗauki laifi don ita ake ji. Ana auna girgizar da na'ura a jikin gida mafi kusa, kuma haƙƙin gari ne ya nemi a auna a gabansa. A nemi a riƙa busa jiniya kafin a tayar, a tsayar da lokaci sananne da rana.

A Satumban 2018 ƙasa ta yi ta motsi a Mpape da wasu unguwannin Abuja, har Hukumar Birnin Tarayya ta dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin na wani lokaci. Ajiyar nakiyar ma abin tambaya ce. Fashewar da ta rushe gidaje a unguwar Bodija ta Ibadan a Janairun 2024, gwamnatin Oyo ta danganta ta da nakiyar masu haƙar ma'adinai da aka ɓoye a cikin gida. Ku tambayi inda ma'ajiyar take da wanda ke gadinta.

Ruwanmu bai ragu ba, amma ɗanɗanonsa ya sauya. Daga ramin ne?

Ruwa ba ya tsami banza, amma mai laifin ba lallai ne wanda ake zargi ba. Dutsen gini da yashi ba kamar zinaren Zamfara ba ne, inda a 2010 dalmar da ke cikin dutsen da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400. Haɗarin wurin fasa dutse ya fi zuwa daga kayan aiki: man gas da baƙin mai da ke tsiyaya daga injuna da tankuna, ruwan wankin tsakuwa mai ɗauke da laka, bahayan ma'aikata, da ragowar nakiya.

Nakiyar da aka fi amfani da ita haɗin sinadarin amoniyam naitiret ne da man gas, kusan kashi 94 da kashi 6. Wanda bai ƙone ba yana narkewa a ruwa nan take. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya duka sun tsayar da naitiret a miligiram 50 cikin lita. Ba ya da launi ko wari. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Tafasa ruwan ba ta cire shi, ƙara masa kauri ma take yi.

Sai dai a yi adalci: naitiret na fitowa daga takin zamani da kuma masai. Rijiyar da ke taku goma daga shadda ba ta bukatar kamfani kafin ta lalace. Shi ya sa gwajin farko, tun kafin a fara aiki, ya fi kowane gwaji daraja.

Mu ba dutse ake fasawa ba, yashi ake ɗiba a kogi. Ai damina na mayar da shi?

Tana mayar da wani, ba duka ba. Kogin da aka datse a sama, kamar kogin Kano bayan Tiga ko Challawa bayan madatsarta, yashin da ke gangarowa ya ragu tun tuni, domin yana kwanciya a bayan dam. Tifa kuma ba ta hutu.

Yashin gadon kogi tulu ne. Shi ke riƙe ruwa bayan kogin ya daina gudu, shi ke ciyar da gajerun rijiyoyin fadama da masu noman rani ke sa wa injin. Idan aka zurfafa gadon kogi da mita biyu, ruwan da ke cikin gaɓa zai gangaro ya bi sabon matakin. Mai tumatir da albasa sai ya ga injinsa na jan iska tun Fabrairu. Gaɓa na zaftarewa ta ci gona, gindin gada na tonuwa, ramukan da aka bari a ƙarƙashin ruwa na cin yara masu wanka da damina. Garin da matatar ruwansa ke ja daga kogi, kamar yadda Challawa da Tamburawa ke yi wa Kano, yana da ƙarin dalilin sa ido.

Rijiyata ta ƙafe. Kamfani ya ce fari ne. Ta yaya zan nuna su ne?

Nan ne yawancin ƙorafi ke mutuwa. Kamfani zai ce damina ba ta yi kyau ba, ko maƙwabta sun yawaita burtsatse, kuma wani lokaci gaskiyarsa ne. "Wallahi tun kakana ba ta taɓa ƙafewa ba" magana ce mai nauyi a zaure, amma a gaban injiniya ko alƙali lamba ake nema.

Lambar kuwa ba ta bukatar digiri. Igiya, ƙaramin kwaɗon ƙofa ko ƙarfe a bakinta, tef ɗin tela ko na magina, da littafin makaranta mai layi. A zaɓi rijiyoyi biyar ko shida: biyu kusa da inda za a haƙa, biyu a tsakiyar gari, ɗaya ko biyu can nesa a ɗaya ɓangaren, inda aikin ba zai kai ba. A yi alama da fenti a bakin kowace rijiya, daga nan za a riƙa aunawa kullum. Da asuba, kafin mata su fara ja, a saki igiyar har a ji ƙarfen ya taɓa ruwa, a auna tsawon, a rubuta kwanan wata da lamba. Sau biyu a wata ya isa. Mutum biyu su sa hannu, a ɗauki hoton shafin da waya.

Amfanin rijiyoyin nesa shi ne su ne shaidu. Idan fari ne, duka za su sauka tare. Idan na kusa da ramin sun sauka da mita uku na nesa kuma da rabin mita, kuma saukar ta fara a watan da aka kunna injin zuƙa, littafin ya gama magana. Na ga malamin firamare ya ajiye irin wannan littafi, bangonsa duk ya yi laushi da gumi, a gaban wakilin wani kamfani da ya zo da shirin musu. Mutumin ya yi shiru yana juya shafuka, sannan ya tambaya ko zai iya ɗaukar hoto.

Gwajin inganci kuma a yi shi sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, a ɗakin gwajin hukumar ruwa ta jiha, ko jami'a, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. A karɓo kwalba daga wurinsu, kada a wanke gorar lemo a zuba. A nemi su duba naitiret, mai, laka, tsami da ƙwayoyin cuta. In an riga an fara aikin ba a auna ba, a fara yau, domin ramin zurfi yake ƙarawa.

Mene ne yarjejeniyar al'umma, kuma me za mu sa a ciki?

Sashe na 116 na dokar 2007 ya wajabta wa mai lasisin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da ya sauka kafin ya fara aiki, kuma ana sake duba ta duk shekara 5. Yawanci abin da ake rubutawa ajujuwa biyu ne, gyaran masallaci, da ɗaukar matasa gadi. Ba laifi, amma ruwa ya fi su.

A rubuta iyakar zurfin ramin. A rubuta cewa kamfani zai haƙa ramukan sa ido tsakanin wurin aiki da gari, a riƙa aunawa tare da wakilin gari, a manna sakamakon a ƙofar fada. A rubuta saukar da idan ruwa ya kai ta kamfani zai kawo tanka cikin kwana kaza, ya zurfafa rijiya ko ya haƙa sabuwa cikin wata kaza. A rubuta inda ruwan zuƙa zai bi, da tafkin da zai kwanta laka ta zauna kafin a sake shi, domin ruwan nan idan mai tsabta ne yana iya shayar da lambu maimakon ya bi kwata. Cikin masu sa hannu a sa mata, su ne suka san ranar da guga ya fara dawowa rabi. A sa makiyaya idan akwai mashaya a wurin.

Masu karɓar ambulan a asirce su tuna, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Sun ce za su haƙa mana burtsatse. Mu karɓa?

Ku karɓa, da sharaɗi. A haƙa ta nesa da lotsawar, ta fi zurfin da ramin zai kai a ƙarshe, ba zurfinsa na yau ba. A gwada ruwan kafin a miƙa. A rubuta wanda zai gyara famfo da sola. Kuma kada takardar karɓarta ta ƙunshi layin da ke cewa gari ya yafe duk wani ƙorafi na gaba.

Idan sun gama suka tafi, ramin fa?

Doka ta ce mai lasisi ya gabatar da shirin gyara wurin tun farko, ta kuma tanadi asusun kare muhalli da farfaɗo da shi wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi. A aikace, ramuka da yawa haka ake barinsu. Da an kashe injin zuƙa ruwa zai dawo a hankali ya cika ramin. Tsohon ramin dutse na Mpape haka ya zama tafki, har a 2020 matasan Abuja suka mayar da shi wurin shaƙatawa da ɗaukar hoto.

Rijiyoyi kan farfaɗo idan ramin ya cika, wannan labari ne mai daɗi. Amma ruwan da dā ƙasa ta rufe shi yanzu a buɗe yake. Duk wanda ya san kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda asalinsu ramukan ɗiban ƙasar gini ne, ya san abin da ke biyo baya: shara, kwata, sauro, tsargiya, da gawar yaro lokaci-lokaci. Abin da aka zuba a ramin da ya haɗu da ruwan ƙasa, a rijiya za a sha shi. Shinge, sassauta gangaren bango da hana zubar da shara su shiga yarjejeniya tun kamfani na neman sa hannunku.

Ina za mu kai kuka?

A rubuce, da kwanan wata, a karɓi hatimin "an karɓa" a kan kwafinku. A kai wa jami'in ma'adinai na Tarayya da ke jihar, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adinai, da ofishin NESREA na jiha, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Kowace jiha doka ta ba ta kwamitin ma'adinai da muhalli, MIREMCO, wanda aikinsa ya haɗa da maganar diyya da saɓani tsakanin kamfani da gari. Idan wurin ba shi da lasisi sam, akwai rundunar tsaron ma'adinai da aka kafa a 2024 daga cikin jami'an Sibil Difens.

Idan an hana ku ganin takardu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar Tarayya kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta. Shari'ar da ta shafi ma'adinai Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi a kai. Tare hanya da ƙona tifa kuwa, ko da gaskiya na hannunku, yana mayar da mai ƙara wanda ake ƙara.

Ni ƙaramin mai ɗiban yashi ne, da shebur da tifar haya nake ci da iyali. Duk wannan da ni ake?

Da kai ake, amma ba a ce ka yi shi kai kaɗai ba. Ma'aikatar tana da sashen masu ƙaramar haƙa, kuma hanyar da aka tanada ita ce ku haɗu ku yi rajistar ƙungiyar gama kai, ku nemi lasisi ɗaya da sunanta. Kafin takarda ta fito ma akwai abin da ke hannunku: ku bar gindin gada da bakin gaɓa da kusa da mashigar matatar ruwa, ku ɗebi tudun yashin da damina ta tara maimakon ku nutsa rami a wuri ɗaya, ku tsaya da zarar ruwa ya fara tsattsafowa a ƙarƙashin shebur. Juyen baƙin mai kuma a yi shi a gareji, ba a gadon kogi ba.